Fumfuna a Matashin Kan Malam Uzairu

Mutanen labarin uku ne: Malam Uzairu, tela a Titin Bauchi, da 'yarsa Ummusalma, da marigayiya matarsa Tabawa.

Damina na kankama, tarin Malam ya dawo. Likita ya ce ƙurar fumfuna yake shaƙa. Ummusalma ta kasa zama. Ta kankare bango, ta buɗe tagogi, amma tari bai lafa ba.

Da ta ɗauki matashin kansa za ta shanya, sai ya riƙe. Ɗinkin ya farke, mayafin Tabawa ya faɗo, baƙi ƙirin da fumfuna.

"Baba, wannan ne ke cin ƙirjinka."

"Na sani tun bara. Idan an wanke, ƙamshinta zai tafi."

Inda na kuskure, mai karatu ya gyara mini.