Hoton Wanda Ya Ci

"Ɗaga cakin kuɗin sama, Wendell!" in ji Tyrell, mai ɗaukar hoton tallan gidan caca. Tun safe Tyrell yake tsaye, duk ya gaji. Gobe za a kafa hoton dattijon a bakin babbar hanya, kowa ya ga wanda ya ci dala dubu hamsin.

Tyrell ya hango wata mata a gefe. "Madam, ke ce matarsa? Shigo mana, mutane na son ganin iyali!"

"Wane iyali?" in ji matar a gajiye. "Gidanmu sukutum ya sayar ya kawo wa gidan cacan nan kuɗin. Takardar rabuwar aure na kawo ya sa hannu."

 Sai Tyrell ya ɗan karkata kyamarar yadda matar ba za ta fito a hoton ba, ya danna.