Tagar da Thinh Ya Buɗe

Lokacin danshi ne a Hai Phong, iskar teku ta sa bango da daɓe sai gumi suke yi. Thinh ya dawo daga ƙasar waje neman auren Nhan, ƙawarsa ta ƙuruciya da ke jinyar mahaifiyarta. Da ya ga ɗakinsu a jiƙe, sai ya buɗe taga.

"Rufe, Yaya," in ji ta. "Ai iskar ce ke jiƙa shi. Ko yaro ya san haka."

Ya yi dariyar yaƙe. "Mantuwa ce. Ki biyo ni can, babu wannan wahala."

Ta tura masa kofin shayi.

"Wa zai riƙe Inna a kan santsin nan? Sha shayinka, Thinh, kada ya huce."

Tun suna yara, yau ne ta fara kiran sunansa gatsal.