Furar Bayan Randa

Mako bakwai ke nan da buhun shinkafa ya zame wa Kalilu a tashar Arlit, yana lodin motar Assamakka, naman cinyarsa ya yage. Har yau ƙafar ba ta ɗaukarsa. Shugaban 'yan lodi ya aiko: in wata ya mutu bai dawo ba, a ba wani gurbinsa.

Sai dai ya yi kumatu. Masu dubiya na ta sa wa matarsa 'Yargata albarka. Ita kuwa tana nan kamar kara. Kullum ta tafi pampo, ta dawo, ta yi makarantar hantsi, shi yana kwance shi kaɗai.

A asibiti likita ya danna cinyar, ya dubi fuskar.

"Kumburi da zafin farko ba cuta ba ne," in ji shi. "Sojojin da Allah ya sa cikin jini ne. Su kwashe mataccen nama, sannan su tashi masu ɗinkin sabo. Naka an sa su barci. Wace ƙwaya kake sha?"

"Wallahi ko ɗaya."

"To wani na ba ka. Ƙwayar ƙiba da ake sayarwa kan tebur, ita ke wannan aiki."

Likitan ya juyo ya kalli 'Yargata, da ta rako mijinta. Ta ji kamar an yaye mata mayafi a kasuwa.

Don tana da ita. Tun ranar da ƙanwar Kalilu ta ce, "Yaya, ko ba ka ciyar da ita?" take dama biyu cikin furarta, ta rufe bayan randa, tana kurɓa a ɓoye. Amma ba ta taɓa ba shi ba. Wa zai yarda?

Suka koma gida. Ta sallame la'asar, ta kwance bakin zane, ta zube ƙwayoyin gabansa.

"Malam, nawa ne. A furata nake sawa. Na rantse da Wanda ya yi ni..."

"Kada ki rantse."

Bai ɗago ba. Yana ta murza carbi, ba ya ja. Babban mutum, mai 'ya'ya huɗu, muryarsa ta koma ƙasa-ƙasa.

"Duk kika fita pampo nakan ja jiki in shanye rabi, in cika miki da ruwa."