Jarumin da Alhaji Barau Ya Ajiye

Tun da aka hana allo nuna fuskar mamaci, kowane tsohon fim ka kunna, fuskar wani mai rai na'ura take liƙa wa 'yan wasan. Kakata Tabawa kuwa so take, kafin idonta ya ƙarasa mutuwa, ta sake ganin jarumin wani fim ɗin Indiya marar launi, makiyayin da 'yar sarkin aljanun kogi ta fito daga ruwa dominsa.

Na goya ta a babur har gidan Alhaji Barau, wanda aka ce ya tara tsofaffin faya-fayan fim a gwangwanaye.

"Hajiya, kin zo inda ake ji da fim," in ji shi. "Kaf Kano ni kaɗai nake da wannan. Har gyara shi na sa aka yi, na ƙone tsohon, duk ya dushe."

Ya kashe fitila. Ga kogin, ga sautin sarewar makiyayin. Makiyayin ya juyo, sai ga Alhaji Barau da kumatunsa da haƙorin Makka, yana kashe wa aljanar ido.

"Ya kika gani?" Ya tambaya yana shafa tumbi.

Kaka ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta laluba sandarta, ta dafa kafaɗata.

"Tashi mu tafi, maigidana. Yarinyar nan kogi guda ta bari saboda wancan yaron. Wannan kuwa, ko kwaɗo ba zai bar kwata dominsa ba."