Mai Fito da Ciwon Gidansu

Ka ce ciwon mata ne, ba ruwan namiji. To, zauna ka ji.

An yi wani mai fito a bakin wani babban kogi, asibiti kuwa yana tsallake. A kwale-kwalensa ya haye da mahaifiyarsa sa'ad da sankarar nono ta kama ta, a ciki kuma ya dawo da gawarta. Bayan 'yan shekaru ya haye da yayarsa, ita ma haka. Kafin abin ya zo kan ƙanwarsu, wadda ko yaye ɗanta na biyu ba ta yi ba, ya riga ya san kowane benci na asibitin, ya san warin raunin da ba ya warkewa, ya san yadda ake lallaɓa jirgi kada igiyar ruwa ta girgiza mara lafiya. Likitar da ke duba ƙanwar ta ja shi gefe. Ta ce ciwon da ke ɗaukar 'yan gida ɗaya tun da sauran ƙuruciyarsu, sau da yawa a jini yake. Uba na miƙa shi ga 'ya'yansa kamar yadda uwa ke yi, namiji ma kuma yana iya kamuwa. Ba kowa ke gadonsa ba, amma sai an duba ake sani. Ta ce ya kawo 'ya'yansa mata, shi ma ya riƙa zuwa. Ya ce to. Amma mutumin nan ya gaji. Ya gaji da jinya, ya gaji da zaman makoki, ya gaji da amsa "ya haƙuri". Ya ce a ransa ai 'ya'yansa nonon uwarsu suka sha, ita kuwa danginta ba su san wannan ciwo ba. Shi kuma ina namiji ina ciwon nono? Aka binne ƙanwar, ya koma fitonsa, bai gaya wa kowa ba.

Shekaru suka tura. Wata rana yana wanka a bakin ruwa ya ji wani ƙullutu a ƙirjinsa, kamar ƙwayar gurjiya. Ya ce kanta ce, wurin da gorar tuƙi ke dannawa. Da abin ya girma ya gane shi, don ya sha ganinsa, sai kunya ta rufe masa baki. Sai da matarsa ta ga jini a rigarsa sannan magana ta fito. Ran nan duk gidan suka haye. Aka duba 'yan matan, aka sami ɗan ƙullutu a jikin ta tsakiya, bai kai ƙwayar wake ba. Aka cire, ta sha magani, ta miƙe. Sauran aka ce su riƙa dawowa. Nasa kuwa ya riga ya shiga hamata, ya gangara ƙashin baya.

A hanyar komawa ƙanensa ne ke tuƙi. Mai fiton ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ɗago ya ce masa, "Kai ma kana da 'ya'ya mata. Gobe ka kawo su, kai ma ka tuɓe riga a duba ka. An gaya mini tun tuni, gajiya ce ta sa na yi shiru." Washegari aka ga jirgin ƙanen ya haye da iyalinsa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.