Yadda Allah Ya Yi Ni

Hafsatu ta sauka daga adaidaita-sahu a bakin hanyar Tofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ita da bara hotonta ke manne a allunan talla na cikin Kano, yau ga ta tana raɓe-raɓe ta bayan gonaki don kada a gane ta.

Shekara shida ta yi tana tallan tufafi. Farkon zuwanta birni babu shagon da ke da rigar da za ta shige ta. Wata mai shago har da dariya, wai sai dai a ɗinka mata labule. Hafsatu ta haɗiye wannan, ta je ta tsaya gaban kyamara da jikinta yadda yake, ga ƙiba ga kumatu tuɓul-tuɓul. Ta yi ta magana ba gajiya, har manyan teloli suka koma yanka riga daidai jikin kowace mace.

Ba a nan ta tsaya ba. Masu ƙiba ta raba su da shayin rage tumbi, sirara ta raba su da sha-ka-fashe, ƙwayar nan da ake sha don a yi jiki. Maganarta ɗaya ce kullum: "Ku dube ni. Yadda Allah ya yi ni ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba." 'Yan mata suka riƙa zuba ƙwayoyinsu a masai suna turo mata hoto.

Ta san zafin gori ta kowane ɓangare. Shekarar da fari ya ƙone musu gero, tana 'yar sha biyu, Tsinke ake kiranta, matan unguwa na nuna ta da baki suna cewa gidan marigayi Malam Iliyasu ba a ɗora tukunya. Daga baya jiki ya zo mata, bakin kowa ya mutu. Mahaifiyarta, Inna Hure, ba ta taɓa barinta ta fita ba ta karya ba, ko da ruwa-ruwa ne. Har bayan ta koma birni, duk wata sai ƙullin garin kunu ya iske ta a tasha. Ko da tsadar nan ta zo, mutane suka koma cin tafasa da rama, ƙullin bai taɓa fashi ba.

Rannan ana tsakar ɗaukar hoto Hafsatu ta yanke jiki ta faɗi.

Likita ya lissafo mata ciwon suga, hawan jini, da ƙodar da ta fara gazawa. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, shekara nawa kika yi kina shan sha-ka-fashe?"

Ta rantse da Allah ko ƙwara ɗaya ba ta taɓa kaiwa bakinta ba. Ya turo mata takardar gwaji. Kafin kwana uku wani marar tsoron Allah ya ɗauki hoton takardar ya watsa a waya. Masu talla suka sauke allunanta. Zagi kam ta sha shi, amma wanda ya karya mata zuciya saƙon wata yarinya ne: "Anti, saboda ke na daina ƙin jikina. Ashe ke ma ƙarya kike."

Ciwon bai yi mata zafi kamar wannan ba. Ita dai ta san ba ta yi ƙarya ba, kuma duk duniya ba ta da mai shaidarta sai mutum ɗaya.

Ta tarar da Inna Hure tana sussukar 'yar dawa a tsakar gida. Tsohuwar ba ta karatun boko, wayarta ma ta amsa kira ce kawai, don haka ba ta ji komai ba. Tana ganin yadda wuyan 'yarta ya zurma ta saki taɓarya, ta hau salati.

"Inna, ba ni da lafiya," in ji Hafsatu, hawaye na zuba. "Kuma kowa cewa yake ni maƙaryaciya ce."

"Bakinsu ya sari ɗanyen kashi! Ni na haife ki, ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Kwanta, 'yar nan, in dama miki kunu."

Hafsatu ta kwanta a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta ji wani sanyi a ranta da ta daɗe ba ta ji ba. Tana kallo Inna ta dama kunun, ta juye a kwano, ta zo ta durƙusa kusa da ita. Sai ta kwance haɓar zaninta, ta zazzago wasu 'yan fararen ƙwayoyi a tafin hannu, ta murƙushe su da bayan cokali, kamar mai yin abin da hannunta ya saba.

"Tashi ki sha," in ji Inna Hure, tana juyawa da ludayi. "Yau uku na sa miki tunda kin rame. Da guda ɗai-ɗai na rufa mana asiri, tun shekarar da suke ce miki Tsinke."