Rigar da Malam Ya Yi Misali da Ita

Ina aji huɗu a firamare a Roni, ko wataƙila aji biyar, ba zan rantse ba. Inna ta sa tela ya ɗinka mini rigar makaranta da yalwa, don ta kai ni har in gama. Kafaɗarta ta zazzago, hannunta ya wuce gwiwar hannuna. Ranar da na fara sa ta, tun safe yara ke kirana Buhu, kuma na san in sunan ya kwana, ya zauna ke nan.

Dab da tashi, malamin Turanci ya rubuta "loose" a allo. Ya ce kalmar tana nufin abin da ya yi sako-sako, kamar haƙori mai girgiɗi, ko igiyar da ba a tamke ba, har da akuyar da ta kwance tana yawo. Sai ya dube ni.

"Kai, taso nan."

Ya ɗaga hannun rigata, aji ya fashe da dariya. Har yau ina tuna warin alli a yatsunsa.

"Wannan ma loose ce," in ji shi. Sannan ya ware hannuwansa, babbar rigarsa ta rufe allon. "Tawa fa? Mai dariya ya fito ya fara da tawa."

Babu wanda ya motsa.

Ban sani ba ko da niyya ya yi, ko misali kawai yake nema. Na sha auna abin, ban tsayar da magana ba. Abin da zan iya cewa dai, washegari da sunana aka kira ni.